Korar jami'an jakadanci tsakanin Rasha da Turai: me doka ta ce?

A watan Afrilun 2022, bayan da duniya ta ga gawarwakin fararen hula yashe a titunan Bucha kusa da Kiev, babban birnin Ukraine, waɗanda ake zargin sojojin Rasha da kashewa, Jamus ta umarci jami'an jakadancin Rasha 40 su tattara ya-nasu ya-nasu su bar ƙasar. Faransa ta kori 35, Italiya 30. Poland ta riga su da 45 tun a watan Maris, Bulgeriya kuma ta biyo baya da 70 a watan Yuni. Zargin kusan ɗaya ne ko'ina: leƙen asiri a fake da aikin jakadanci. To, in har an tabbata mutum ɗan leƙen asiri ne, me ya hana a cafke shi a kai shi gaban alƙali?

Yarjejeniyar Vienna kan hulɗar jakadanci ce ta hana. An sa mata hannu ranar 18 ga Afrilun 1961, ta fara aiki a 1964, kuma Rasha da ƙasashen Turai duk sun amince da ita. Sashe na 29 ya ce ba a kama jami'in diflomasiyya, ba a tsare shi. Sashe na 31 ya ce kotun ƙasar da yake aiki ba ta da hurumin yi masa shari'a kan aikata laifi, komai girmansa, sai fa idan ƙasarsa ce da kanta ta cire masa rigar kariya. 'Yan sanda ba sa taka ƙafa cikin ofishin jakadanci sai da izinin jakada, jakar saƙonnin ofishin ma ba a buɗe ta. An ba shi wannan kariya ne don ya iya isar da saƙo mai ɗaci a ranar da ƙasashe biyu ba sa ga maciji, ba tare da fargabar kwana a bayan kanta ba. Amma sashe na 41 ya ɗora masa wajibcin mutunta dokokin masu masaukinsa da cire hannu daga harkokinsu na cikin gida.

Idan ya saɓa, makamin da ya rage shi ne sashe na 9. Ƙasa na iya ayyana jakada ko wani jami'insa a matsayin wanda ba a maraba da shi, a duk lokacin da ta ga dama, kuma ba dole ne ta faɗi dalili ba. Daga nan wajibi ne ƙasarsa ta janye shi ko ta sauke shi daga aikin. In ta ƙi, masu masauki na iya daina ɗaukarsa a matsayin jami'in jakadanci. Yarjejeniyar ba ta yanke adadin kwanaki ba, wa'adi mai ma'ana kawai ta ambata. Shi ya sa Birtaniya ta ba Rashawa 23 mako guda a watan Maris na 2018, bayan an sa wa tsohon ɗan leƙen asirin Rasha Sergei Skripal da 'yarsa gubar Novichok a garin Salisbury na Birtaniya, ita kuwa Jamhuriyar Czech awa 48 kacal ta ba mutum 18 a 2021, kan zargin hannun Rasha a fashewar rumbun makamai na Vrbetice a ƙasar a 2014. Mutanen Nijar sun san wannan sashe ido da ido: a watan Agustan 2023 sojoji suka ba jakadan Faransa Sylvain Itté awa 48, Faransa ta ce ba ta amince da halaccinsu ba, aka yi ta ja-in-ja har ƙarshen Satumba kafin ya tafi.

Ramuwar gayya kuwa babu inda aka wajabta ta, al'ada ce da ta kafu. Rasha ta musanta hannu a lamarin Salisbury, ta kori 'yan Birtaniya 23 cif, ta ƙara da rufe cibiyar al'adun Birtaniya ta British Council da ƙaramin ofishin jakadancin Birtaniya a St Petersburg. Czech ta kori 18, aka mayar mata da 20.

Akwai wani sashe da ba a cika ambata ba, alhali shi ya fi illa. Sashe na 11 ya ba ƙasa damar ƙayyade yawan ma'aikatan ofishin jakadancin wata. Wanda aka kora ana iya turo madadinsa, amma in aka rage kujerun, shi ke nan. A 2023 Rasha ta ce Jamus ba za ta wuce ma'aikata 350 a ƙasarta ba, har da malaman makaranta da ma'aikatan cibiyar al'adun Jamus ta Goethe. Jamus ta rama da janye izinin huɗu daga cikin ƙananan ofisoshin jakadancin Rasha biyar.

Ban ga laifin ƙasar da ta fatattaki wanda ta kama yana shirya mata ɓarna ba. Wanda ake zargin jami'ansa da yawo da guba a garin mutane bai da bakin kuka. Abin da ke damuna shi ne idan aka zo ramuwa ba a tantance mai laifi, lissafin kawuna kawai ake yi. Sai a kwashe mai buga biza, da wanda ke ziyartar ɗan ƙasarsu a kurkuku, da wanda ya shafe shekaru yana koyon yaren mutane har ya san wa zai kira in wani jirgin yaƙi ya tsallaka iyaka. Ɗalibi da tsohuwar da jikokinta ke ƙetare su ke shan doguwar tafiya da jiran watanni kafin a duba takardunsu.

Duk da haka kora ba yanke hulɗa ba ce. Ukraine ta yanke tata da Rasha ranar 24 ga Fabrairun 2022. Lithuania ta sallami jakadan Rasha a watan Afrilun shekarar, Estoniya da Latbiya suka rage matsayin hulɗarsu a farkon 2023, amma ofisoshin suna nan a buɗe a hannun muƙaddasai. Ko da an kai ga yanke hulɗar baki ɗaya, sashe na 45 ya wajabta wa mai masauki ya kare ginin ofishin da takardun da ke ciki ko ana tsakiyar yaƙi, kuma ƙasar da ta fice na iya damƙa amanar 'yan ƙasarta ga wata ƙasa ta uku da mai masaukin ya yarda da ita.