Barkwancin dare a talabijin ɗin Amurka: da gaske ɓangare guda ake caccaka?

Duk mai bibiyar siyasar Amurka a YouTube ko Facebook ya taɓa cin karo da su: mutum cikin kwat a bayan tebur yana yi wa shugaban ƙasa shaguɓe, jama'a na ta ƙyalƙyala dariya. Su ne shirye-shiryen barkwanci da ake sawa can cikin dare. Magoya bayan jam'iyyar Republican sun daɗe suna kukan cewa masu shirye-shiryen sun zama 'yan amshin shatan Democrat.

Son kan gaskiya ne, ko ƙorafin 'yan siyasa ne kawai?

Gaskiya ne, kuma a fili yake. Wata cibiyar nazarin kafafen yaɗa labarai a Jami'ar George Mason ta ƙirga barkwancin da biyu daga cikin masu shirye-shiryen, Stephen Colbert da Jimmy Fallon, suka yi kan 'yan takara biyu a watan Satumban 2020: 455 kan Donald Trump, 14 kacal kan Joe Biden. Masu kare su kan ce ai Trump ne ke kan mulki a lokacin, kuma mai mulki shi ya fi shan zolaya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai bayan Biden ya hau, Trump bai huta da bakinsu ba. Ranar da Jon Stewart ya koma shirin The Daily Show a Fabrairun 2024 ya taɓo tsufan Biden, 'yan Democrat da yawa suka yi masa caa, kamar ya ci amanar gida.

Dama can haka abin yake?

A'a. Johnny Carson ya riƙe The Tonight Show a tashar NBC daga 1962 zuwa 1992, kuma a tsawon shekarun nan 30 ya ɓoye inda ya karkata. Ya zolayi Nixon, ya zolayi Carter, ya zolayi Reagan. Jay Leno da ya gaje shi babu wanda ya sha a hannunsa kamar Bill Clinton, ɗan Democrat, musamman kan badaƙalar Monica Lewinsky. Zolayar wancan zamani ta yi kama da wasan Fulani da Barebari: kowa na shan nasa, a tashi ana dariya. Abin da ake taɓawa shi ne halin mutum, mantuwarsa ko son matansa, manufofin jam'iyya kuwa ba kasafai ake shiga cikinsu ba.

To me ya canza?

Stewart ya karɓi The Daily Show a 1999, ya mayar da barkwanci hanyar tuhumar gwamnati, musamman lokacin yaƙin Iraƙi a mulkin George W. Bush. A ƙarƙashinsa Colbert da John Oliver suka goge kafin kowa ya samu nasa shirin.

Amma babban dalili a ganina kasuwa ce. Zamanin Carson manyan tashoshi uku ne ke rabon masu kallo, don haka ɓata wa rabin ƙasa rai asara ce. Da tashoshi suka yi yawa, intanet ta zo, sai riba ta koma ga wanda ya riƙe wasu tsirarun masoya gam. A Satumban 2016 Fallon ya gayyaci Trump, ya yamutsa masa gashin kai cikin raha, aka yi ta sukarsa cewa ya wanke shi a idon duniya. Shi kuwa Colbert ya sa Trump a gaba dare bayan dare, a 2017 ya zarce Fallon a yawan masu kallo. Masu tashoshi sun ga wannan. Ƙari a kan haka, a New York da Los Angeles ake shirya su, biranen da Democrat ke lashewa da babban rinjaye, kuma daga can 'yan kallon da ke tafi a zauren suke fitowa.

Masu ra'ayin riƙau ba su da nasu?

Suna da shi. Fox News ta fara shirin Greg Gutfeld na kowane dare a Afrilun 2021, kuma sau da yawa yakan fi su Colbert masu kallo, ko da yake tun 2023 da ƙarfe 10 ake sa shi, kafin mutane su kwanta. Shi ma ɓangare guda yake duka.

Babu dokar da ta tilasta adalci?

Hukumar sadarwa ta FCC ta soke ƙa'idar da ke tilasta wa tashoshi kawo ra'ayin kowane ɓangare tun 1987. Wadda ta rage ta shafi bai wa 'yan takara lokaci daidai ne. Shi ya sa da 'yar takara Kamala Harris ta fito a Saturday Night Live, shirin barkwanci na NBC, dab da zaɓen 2024, NBC ta bai wa Trump fili kyauta washegari.

Me ya faru da Colbert da Kimmel a 2025?

A Yuli, tashar CBS ta sanar cewa za ta rufe The Late Show, shirin Colbert, a Mayun 2026, kwanaki kaɗan bayan Colbert ya ce cin hanci ne dala miliyan 16 da kamfanin Paramount, mai tashar, ya amince ya biya don sasanta ƙarar da Trump ya shigar. CBS ta ce matsalar kuɗi ce zalla. Amma Paramount na jiran izinin FCC a lokacin don haɗewa da kamfanin Skydance, kuma izinin ya fito mako guda bayan sanarwar.

Na Jimmy Kimmel, mai shirin dare a tashar ABC, ya fi tayar mini da hankali. Bayan kisan Charlie Kirk, fitaccen mai ra'ayin riƙau kuma na hannun daman Trump, Kimmel ya yi wata magana kan magoya bayan Trump da wanda ake zargi da kisan, shugaban FCC Brendan Carr ya fito ya yi wa tashoshi barazana, ABC ta dakatar da shirin ranar 17 ga Satumba. Ina ganin son kan waɗannan shirye-shirye ya rage musu daraja, ya kuma kori mutane da yawa da ya kamata a yi dariya tare da su. Duk da haka mai kallo na da rimot a hannunsa, kuma jami'in gwamnati ba shi da hurumin zaɓar wanda zai yi wa shugaba ba'a. Hatta Sanata Ted Cruz, ɗan Republican da ba ya ga maciji da Kimmel, ya kwatanta kalaman Carr da na 'yan mafiya, ya gargaɗi jam'iyyarsa cewa Democrat za su yi amfani da wannan makami ranar da suka dawo mulki. Kimmel ya koma aiki ranar 23 ga Satumba, kamfanonin Nexstar da Sinclair da suka cire shirin daga tashoshinsu suka mayar da shi bayan kwana uku.