Waiwaye: Yadda Calvià ta rushe otal-otal don ceto bakin tekunta

A shekarun 1960 ne jiragen sama suka fara kwararo da masu yawon buɗe ido daga Birtaniya da Jamus zuwa tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya. Calvià, yankin manoma da ke yamma da birnin Palma, ta wayi gari da dogayen otal-otal a unguwanninta na bakin teku, Magaluf da Palmanova, an dasa su daf da ruwa tun kafin a tsara tituna da magudanai.

Dokar gaɓar teku ta 1988 ta hana gini cikin mita 100 daga bakin ruwa, amma inda gari ya riga ya kafu mita 20 kawai ta tanada. Ga Magaluf dai ta zo a makare. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 gine-gine sun tsufa, baƙi sun ragu, masu otal suka shiga karya farashi. Arhar ɗaki ba ta barin kuɗin gyara, rashin gyara kuma ya ƙara karya darajar ɗakin.

A 1995, ƙarƙashin magajiyar gari Margarita Nájera, hukumar Calvià ta ɗauki tsarin Ajanda 21, shirin raya ƙasa ba tare da lalata muhalli ba, da aka amince da shi a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a birnin Rio na Brazil a 1992. Ta riƙa sayen tsofaffin otal-otal tana rushewa, filin ya koma lambu ko dandali. Ta shimfiɗa hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke mai haɗa unguwanni. Mataki mafi nauyi, wanda ya fi cancantar a yi koyi da shi, shi ne soke izinin gini a fiye da hekta 1,600 da aka riga aka ware. Gyara titi kowa na so, amma hana mai fili gini yana jawo ƙara a kotu da neman diyya.

Ruwan sha ne ya fi nuna iyakar tsibirin. Rijiyoyin da aka matsa wa ja sun fara ɗaukar gishirin teku, har sai da aka riƙa kawo ruwan kogin Ebro daga babban yankin Sifaniya a jiragen ruwa daga 1995 zuwa 1997.

Siyasa ma ta yi tasiri. Harajin muhalli da gwamnatin tsibiran Balear, waɗanda Mayorka ke cikinsu, ta ɗora wa baƙi a 2002 an soke shi a 2003, bai dawo ba sai 2016. Shaye-shayen Magaluf kuwa bai gyaru da sabon titi ba. A 2020 sai da aka yi doka ta musamman da ta hana shaguna a wurin sayar da barasa daga ƙarfe 9:30 na dare zuwa 8 na safe.