Waiwaye: ciwon daji a Maraɗi, daga sa hannun 2007 zuwa hanyar Yamai

Watan jiya a wajen wani zaman makoki nan Bagalam na ji wata tsohuwa ta rage murya tana ce ma ta kusa da ita wai marigayiyar "daji ne ya cinye ta", ta faɗa tana waige-waige kamar mai tona asirin gida. Tun ranar abin ke cina, don ni ma na yi jinyar innata da ciwon nan, na kwana a tabarma bakin ɗakin likita, na san yadda ake shiga da yadda ake fita. Shi ya sa na ce bari in zauna in bi zancen tun daga baya, mu ga ina munka fito da maganar kansa, wato ciwon daji, a ƙasar nan, me anka zuba, kuma me ya iso gare mu nan Maraɗi.

Mu dai mun tashi mun tarar ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Kada a yi mai allura, kada wuƙa ta taɓa shi, in an taɓa sai ya fusata ya bazu. Sai a kai mutum wajen mai magani, a shafa, a yi turare, a sha saiwa, wanzami ya tsaga, a haɗa da rubutu da tofi. Ni ban raina iyayenmu kan wannan ba wallahi, don abin da idonsu ya gani sunka faɗa. Mace za ta ɓoye ƙullutu a nono shekara guda ko biyu saboda kunya da tsoro, sai ya fashe yana ruwa sannan a ɗauke ta a kai likita, a yi aiki, wata uku ta rasu. To me ƙauye zai ce? Wuƙa ta kashe ta. Alhali ciwon ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi tun kafin ta hau gadon aikin. Kowace gawa irin wannan ƙara ma camfin ƙarfi take, ta bayanta kuma ta ƙara jinkiri, haka abin ke ta zagayawa.

A takarda kuwa, ƙasar ta fara ƙidaya ciwon a 1992, lokacin da Farfesa Hassan Nouhou ya kafa rajistar kansa a sashen koyon likitanci na jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Aiki ne babba, don kafin nan hasashe kawai ake. Sai dai rajista wanda ya iso asibiti take rubutawa, wadda ta rasu a wani ƙauyen Dakoro ko Mayahi ba ta shiga littafin kowa. Cikin shekarun 1990 ɗin nan ne kuma anka shigo da tsarin biyan kuɗɗin magani a gidajen likita na gwamnati, wanda ya samo asali daga taron Bamako na 1987. Magani ya ɗan samu a kanti, amma talaka ya koyi lissafi kafin ya taka ƙofar likita, kuma ciwon da ba ya zafi da fari, kamar ƙullutun nono, shi ake fara ɗagawa sai bayan kaka.

Zamanin Tandja Mamadou anka juya. Aikin fidda jariri ya zama kyauta a 2005, yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki a 2006, sannan a watan Yulin 2007 anka sa hannu kan dokar da ta ce maganin kansar mata, ta nono da ta mahaifa, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ina tuna yadda rediyo ta yi ta faɗi. Kuma gaskiya ba ƙaramin abu ba ne ƙasa mai talauci irin tamu ta rubuta haka. Matsalar da kowa ya sani ita ce asibiti zai yi aiki ya aika takardar bashi, gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen biya, kanti ya ƙare, sai a miƙo maka ordinas a ce je ka farmasi. Kyautar tana nan a doka, amma dokar ba ta san kuɗɗin mota ba, ba ta san abincin mai jinya ba, kuma a lokacin ko na'urar gashi guda, wato mai ƙone ciwon da haske, babu a duk faɗin Nijar. Sannan maza da yara ba su cikin lissafin.

Bari in ɗan tsaya kan mazan nan don an cika mantawa da su. Ciwon dajin hanta yana cikin waɗanda sunka fi kisa a ƙasar nan, kuma mu Maraɗi abin ya shafe mu ta fuska biyu. Na ɗaya ciwon hanta nau'in B, wanda da yawa tun suna jarirai sunka ɗauka, yana kwance shiru shekara 30 ko 40, rigakafinshi kuwa sai 2008 ya shiga cikin allurar yara, ke nan duk wanda ya girmi haka bai samu ba sai in shi ya nema. Na biyu gyaɗa. Garin nan da gyaɗa ya yi suna ya yi arziki, amma gyaɗa ko masara in an adana ta da laima tana yin fumfuna mai fitar da dafin da ake kira afalatoksin, shi kuma hanta yake ci. In dafin ya haɗu da ƙwayar B a jiki guda hatsarin ninkuwa yake sosai. Sai ka ga magidanci ɗan shekara 40 ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce ko sammu, wata biyu an yi sadakar ukku. Gyaɗar da ta yi baƙi ta yi ɗaci wadda muke cewa a bar ma ƙuli, wallahi zubarwa ya kamata a yi.

Innata kafin 2021 ta kwanta. Ni na fara ganin abin ranar da nake taya ta wanka, na ce inna mene ne wannan, ta ce "bar shi ɗiyata, maruru ne, zai fashe". Ya fi wata takwas tana ɗauke da shi ba wanda ya sani, ko baba. Munka kai ta wani asibiti, anka yi eko, anka yanki ɗan nama anka ce sai an aika Yamai a duba. Jiran sakamakon nan shi ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci, kusan wata biyu muna zarya, yau a ce bai iso ba, gobe a ce wanda ke riƙe da takardun ya yi tahiya, ƙullutu kuwa bai jira kowa ba. Da ya fito anka cire nonon, anka yi mata shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon, gashin kanta ya zube, ta rame, ta daure. Daga nan likita ya ce saura gashi, kuma sai waje.

Waje a lokacin iri biyu ne. Akwai fitar da gwamnati ke ɗaukar nauyi zuwa Maroko ko Tunusiya ko Faransa, wadda ta ci ma ƙasa biliyoyin sefa, kuma mai gona a Gidan Runji ko labarinta bai cika ji ba. Akwai kuma tamu ta 'yan Maraɗi, wato a bi Dan Isa a tsallaka Jibiya a shiga Katsina, daga nan Kano ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, wasu Sakkwato, alhazai masu hali kuma Masar ko Indiya. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, Yamai kuwa wajen 660, kuma can ɗin harshenmu guda, kowa na da ɗan uwa ko abokin kasuwa da zai sauke shi. Amma hanyar nan ba a hannunmu take ba. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, anka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai Maris 2024 anka buɗe. Ana ta maganar shinkafa da mai da wutar lantarki, ba wanda ya ƙirga masu randebu da likita a tsallake waɗanda sunka bi ta daji kan kabu-kabu da ciwo a jiki, ko sunka haƙura sunka zauna gida. Mu gona baba ya saida. Inna ta samu gashin, ta ƙara shekara biyu da mu, ta ga auren autarta, Allah ya jiƙanta.

A watan Maris 2021, ana saura kwanaki Mahamadou Issoufou ya sauka, anka ƙaddamar da sashen gashi na Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa a Yamai, wadda ake kira CNLC, bayan fiye da shekara 10 ana shiri tare da hukumar nukiliya ta duniya. Shi ne na farko a tarihin ƙasar. Na yi kuka ranar, na farin ciki da na tuna inna. Na'urar da anka fara da ita mai aiki da kobal ce, wani ƙarfe mai fidda hasken gashin, kuma an ce za ta iya ɗaukar mutum wajen 600 a shekara, a ƙasar da ƙiyasin 2020 ya ba ta sabbin masu kansa kusan dubu 10 duk shekara, alhali likitoci na cewa wajen rabin masu ciwon suna buƙatar gashi. Ga shi kobal ƙarfinshi raguwa yake da kanshi, duk shekara 5 da 'yan watanni ya ragu da rabi, ke nan ba abin da za a saya sau guda a manta ba ne, sai da kasafi na canji da gyara da ma'aikatan da sunka karanci abin. A Fabrairun 2022 hukumar nukiliyar ta sa Nijar cikin ƙasashen Afirka bakwai na farko a sabon shirinta na faɗaɗa gashin kansa, tare da Benin da Cadi da Senegal da sauransu.

Abin da wanda bai yi jinya ba bai sani ba, gashi ba zuwa guda ba ne. Minti kaɗan ne a rana, amma kwana biyar a mako, mako biyar har bakwai, kuma ba a son a tsallake. To ki ɗauko mace daga Tasawa, ta kwana a tasha, ta shiga kar tun asuba, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ta isa Yamai da dare jiki duk ya mutu, garin da ba ta san kowa ba. Ina za ta kwana wata biyu? Wa zai dafa mata? Wa ta bar ma yara, kuma in damina ce wa zai yi noman? Mai jinyar ma ta bar sana'arta. Na san waɗanda anka ba takardar turawa sunka naɗe ta sunka sa ƙarƙashin katifa, ba don ba su yarda da likita ba.

Nan gida ba za a ce ba a yi komai ba, a faɗi gaskiya. Bayan tsohon asibitin jiha akwai cibiyar uwa da yaro, akwai babban asibitin referans da anka gina zamanin Issoufou, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na yaye likitoci 'ya'yanmu. Duk Oktoba ana fitowa da ruwan hoda ana faɗakarwa kan kansar nono, gidauniyar Tattali Iyali ta Dakta Lalla Malika, matar Issoufou, ta yi nata a lokacinta. Daga Satumban 2024 kuma hukumomin yanzu sun rage kuɗɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati da rabi, mutane sun ji sauƙin a aljihu. Amma in kin duba tarihin duka, kuɗɗin sun fi tahiya wajen abin da ake yanke ma ƙyalle a ɗauki hoto. Abin da ke tsakanin ƙauye da na'urar, wato awo da wuri da sakamako da sauri da wurin kwana, shi anka bar ma dangi.

Kuma dangin sun ɗauka, da abin da sunka saba. A jihar nan ce anka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, 'yan mata da iyaye kowace ta zuba abin da ta iya duk mako cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Lokacin jinyar inna, asusun unguwarmu ne ya fara ba mu rance ba tare da takarda ba. Ƙawayen bikinta sunka kawo nasu kamar yadda ta sha kai musu ranar suna da aure, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, 'yan fadar ƙanena sunka ba da jini, wani ɗan uwa a Agadas yana turowa ta Nita duk ƙarshen wata. Yanzu ma ga guruf-guruf na WhatsApp, a sa murya a ce wance na kwance, jikka biyu jikka biyar ta taru. Sai dai asusu an yi shi don jarin ƙosai da kiwon akuya ne, jinyar kansa guda tana iya kwashe akwatin duka, kuma taimakon bai tasowa sai ciwo ya fito fili, lokacin da kuɗɗin ba su cika sayen komai ba sai 'yan watanni.

Ni abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne in an gwada da gini. Awon bakin mahaifa da ruwan binegar ake yi, ungozomar likita da ta samu horo za ta iya a kowace CSI, wato ƙaramin gidan likita, cikin minti kaɗan, in an ga farin tabo a ƙona shi tun bai zama kansa ba, a sa shi ya zama abin kullum kamar awon ciki, ba sai Oktoba ba. Naman da anka yanka a duba shi kusa, sakamako ya fito cikin mako biyu, a kira mutum a waya. Gwajin hanta ga duk mai ciki da duk mai shirin aure. Sannan alhazan garin nan da Allah ya hore ma, waɗanda sunka gina masallatai da makarantu ba adadi, gida guda mai ɗaki goma kusa da cibiyar Yamai, da ruwa da murhu, a rubuta a ƙofa na masu jinya ne daga Maraɗi, sadaka ce mai gudana.

A Yulin 2025 an buɗe sabuwar cibiyar kansa a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, har matan asusunmu sun fara tambayata ko Katsina ta fi ko Yamai. Ranar zubin da ta wuce na kawo shawara mu ware dala ashirin-ashirin daban, ba don jinya ba, don kuɗɗin adaidaita na duk wadda za ta je awo. Mu 27 ne, 19 sun yarda, sauran sun ce sai sun shawarci masu gida.