Ƙwai: Daɗewarsa da Hanyoyin Ajiyarsa

Ƙwai yana fara tsufa tun ranar da kaza ta saka shi. Saurin tsufan ya dogara ga zafin wurin da aka ajiye shi, da kuma ko an wanke ɓawon ko ba a wanke ba. A firiji mai sanyin digiri 4 na ma'aunin Salshiyas, ɗanyen ƙwai yana kai mako 3 zuwa 5 da kyansa. A ɗaki mai sanyi-sanyi yakan yi mako biyu zuwa uku. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Sakkwato ko Damagaram, ƙwan da ya kwana bakwai a shago ya riga ya fara sauka.

Abin da ke faruwa a cikin ɓawo

Ido yana ganin ɓawon ƙwai a rufe ruf, amma akwai ƙananan ƙofofi tsakanin 7,000 zuwa 17,000 a jikinsa, waɗanda ɗan tsako ke shaƙar iska ta cikinsu. Ta nan ruwan ƙwai ke tsanewa a hankali, iskar waje tana maye gurbinsa. Iskar tana taruwa a gindin ƙwan, wato ɓangaren mai faɗi, gurbinta kuma yana ƙara girma kullum. Shi ne lotsawar nan da ake gani a gindin dafaffen ƙwai idan an ɓare shi.

Farin ƙwai ma yana canzawa. Sabon ƙwai idan aka fasa shi a faranti, farinsa yana tsayawa da kauri a kewayen gwaiduwa, ita kuma ta tashi kamar an kifa ƙoƙo. Wanda ya kwana biyu farinsa yana malalewa kamar ruwa, gwaiduwar ta baje, wani lokaci ma ta fashe da kanta. Duk mai shayin da ke fasa kiret biyu ko uku a dare ya san wannan bambanci tun daga yadda ƙwan ke zuba a kofi.

Kaza tana saka ƙwai da ɗan danshi a jikinsa, wanda ke bushewa cikin mintuna kaɗan ya zama siririn lulluɓi mai toshe ƙofofin nan. Wannan lulluɓi shi ke tare ƙwayoyin cuta, kuma ruwa yana tafiya da shi. Idan aka wanke ƙwai da ruwan da ya fi shi sanyi, abin da ke cikinsa yana ɗan tsukewa, sai ya zuƙo dattin ɓawo zuwa ciki. Shi ya sa aka fi son a goge kashin kaza da busasshen ƙyalle, a bar wanki sai lokacin da za a fasa.

Amurka da Turai

Ƙasashe sun rabu gida biyu a kan wannan batu. A Amurka ana wanke ƙwan kasuwa da ruwan ɗumi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, kuma doka ta wajabta a riƙe shi a sanyin da bai wuce digiri 7 ba har ya isa hannun mai saye. Tarayyar Turai ta hana wanke ƙwai mai daraja ta ɗaya, saboda haka ana jera shi a kanta a kantuna, ana kuma rubuta masa wa'adin kwana 28 daga ranar da aka saka shi. A Birtaniya, tun 1998 ƙwan da ke ɗauke da tambarin jan zaki daga kajin da aka yi wa rigakafin salmonela yake fitowa. Salmonela ita ce ƙwayar cutar da ɓangarorin biyu ke gudu. Tana kawo zawo da zazzaɓi da ciwon ciki, ta fi yi wa ƙananan yara da tsofaffi da masu ciki illa, kuma tana iya shiga ƙwai tun yana cikin kaza.

Ajiya a ƙasa mai zafi

A kasuwannin ƙasar Hausa ba a wanke ƙwan gidan gona, a kiret mai cin 30 ake sayar da shi, kuma babu kwanan wata a jikinsa. Mai saye bai san kwana nawa ya yi a gona, ko awa nawa ya sha rana a bayan mota ba. Don haka sayen na mako guda daga wurin da kaya ba sa kwantai ya fi tara kiret biyu a ɗaki.

Firiji yana da nasa sharaɗi. Ƙwan da ya yi sanyi idan ya fito cikin zafi yana yin gumi, gumin kuma yana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya ta ɓawo. A gidan da wuta ke zuwa awa uku ta ɗauke awa goma, sa ƙwai a firiji yana iya zama ɓata shi. Gara a nema masa lungu mafi sanyi a ɗaki, nesa da murhu da taga, ko kusa da randa. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a Jigawa har ta ba shi kyautar Rolex a 2000, tana rage zafi sosai lokacin rani, amma da damina ƙarfinta yana raguwa saboda laimar iska. Inda wuta ke tsayawa, can cikin firiji ake sa ƙwai, domin ƙofarsa tana ɗumama duk sanda aka buɗe.

Ana jera ƙwai tsininsa a ƙasa, don gurbin iska ya zauna a sama, gwaiduwa ta tsaya a tsakiya. Yana kuma ɗaukar wari, saboda haka ba a haɗa shi da albasa, daddawa, kifi ko kananzir. Shafa wa sabon ƙwai man girki kaɗan yana toshe ƙofofin ɓawo, ya ƙara masa kwanaki.

Ƙwan kajin gida yana da wata matsalar daban: yawanci zakara ya bi kazar, kuma zafi kaɗai ya isa ya sa ɗan tayi ya fara tasowa, sannan ya mutu a ciki. Ƙwan zabi, wanda ke cika kasuwa da damina, ɓawonsa ya fi kauri, yana kuma jure ajiya fiye da na kaza, sai dai sau da yawa a gurbi ake tsinto shi, sabo da tsoho a haɗe.

Gwaji

Masu sayen ƙwan zabi sun daɗe suna gwada shi a kwanon ruwa. Sabo yana nutsewa ya kwanta, wanda ya kwana biyu ya tsaya da gindi a sama, tsoho ya taso kan ruwa. Wasu suna ɗaga shi su duba da hasken rana ko tocila. Gwajin ruwa kwanakin ƙwai yake nunawa, ba ya gano salmonela, don ƙwan da ke ɗauke da ita yana nutsewa lafiya lau, ba wari ba canjin launi. Maganinta shi ne a dafa har fari da gwaiduwa su daskare. Baragurbi kam ba ya ɓuya, hanci ya isa, abin da ya sa masu girki ke fasa kowane ƙwai a kofi daban kafin su juye shi cikin sauran.

Dafaffen ƙwai bai kai ɗanye daɗewa ba, domin tafasa ta wanke lulluɓin ɓawonsa. A firiji mako guda yake yi. A waje, ƙa'idar hukumomin abinci na Amurka awa 2 ce, ko awa 1 idan zafi ya haura digiri 32, wa'adin da tiren mai talla a tasha ke wucewa tun kafin azahar.