Me takardar bayofsi take faɗa game da tsiron tumbi?

Idan likita ya zura bututu mai kyamara ta maƙogwaro ya leƙa tumbi, wani lokaci yakan ga ɗan tsiro a jikin bango, kamar ƙwayar wake ko ma bai kai ba. Shi ake kira folif. Ido kaɗai ba ya tabbatar da irinsa, shi ya sa ake ɗan gutsuro nama a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan aikin shi ne bayofsi. Da yawa cikinmu da mun ji kalmar sai gaba ya faɗi, alhali akasarin tsiron tumbi ba ciwon daji ba ne.

Fara neman sunan tsiron a takardar sakamakon, domin iri-iri ne. Idan na fandik ne, da sauƙi, yawanci ba ya rikiɗewa ya zama daji, kuma an fi ganinsa ga masu shan omefrazol, maganin rage asid ɗin tumbi, shekara da shekaru. Mu kuwa nan, da ƙirji ya yi zafi sai a ce olsa ce, a garzaya kemis a saye shi. Na haifafilastik kan biyo bayan daɗaɗɗen kumburin bangon tumbi, sau da yawa saboda ƙwayar cutar H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostiraliya a 1982. Idan aka kashe ta da magani, tsiron kan iya motsewa ya ɓace, amma wanda ya haura santimita 1 akan cire shi. Adinoma ne ba a yi wa sakaci, don shi ne ya fi yiwuwar komawa daji. Cire shi ake yi gaba ɗaya, sannan a sake leƙawa nan da shekara guda ko ƙasa da haka.

Kalmar da na fi so mutum ya gane ita ce displeshiya. Ma'anarta ƙwayoyin naman sun fara sauya kama, amma ba su kutsa cikin naman da ke ƙarƙashinsu ba. Akwai mai sauƙi, akwai mai tsanani, wadda ita ce ke bakin ƙofar daji, kuma a nan ne cirewa da wuri ke ceton mutum. Don Allah kada a naɗe takardar a jefa ƙarƙashin katifa don ciki ya daina ciwo. Ka koma wurin likita ka tambaye shi: an cire tsiron duka? An samu H. pylori? Yaushe zan dawo?