Cibiyar nauyi a zanen inji na kwamfuta

Cibiyar nauyi ita ce wurin da nauyin abu gaba ɗaya yake tattaruwa, ta yadda in aka tokare shi daidai nan zai tsaya cak bai karkata ba. Arkimidis, masanin Girka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya kafa lissafinta. A yau manhajojin zanen inji, da ake kira CAD, ko CAO a makarantun Nijar masu karatu da Faransanci, su ke fitar da ita tun ba a yanka ƙarfe ko guda ba.

In abin sassa ne da yawa aka harhaɗa, manhaja na ɗaukar nauyin kowane sashe ta ninka shi da nisan cibiyarsa daga wani mafari, ta tara, ta raba da jimlar nauyin. Haka take yi ta tsawo, ta faɗi, ta bisa.

Amalanken ruwa irin na Damagaram ya isa misali. A ce gangar jikinsa kilo 50 ce, cibiyarta santimita 40 daga ƙasa, aka ɗora duro mai ruwa kilo 200, cibiyarsa santimita 90. Lissafi zai ba da santimita 80. Ke nan ruwa ya ɗaga cibiyar ninki biyu, shi ya sa amalanke cike ya fi saurin kifewa a gargada ko in taya guda ta nutse cikin rairayi. Ta tsawo ma haka: in cibiyar ta faɗa bayan tayoyi, sandunan gaba sai su ɗaga, su nemi ɗaga jakin, in ta yi gaba da yawa, gadon bayansa ke ɗaukar wahalar, har ya ji ciwo. Masu walda da ido da hannu suke gane wannan, kuma sau da yawa suna dacewa, amma sai an gama ƙira ake sanin gaskiya.

A manhajojin CAD irin su SolidWorks, Inventor da CATIA sakamakon na fitowa tare da jimlar nauyi. Umarnin MASSPROP na manhajar AutoCAD kuwa siffa kawai yake duba, kamar dukan sassan da abu iri guda aka ƙera su.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne rashin faɗa wa manhaja abin da za a ƙera kowane sashe da shi. Mita kubik ɗaya na baƙin ƙarfe kusan kilo 7850 ne, na alminiyam 2700, na ruwa 1000. Sashen da ba a ba shi komai ba, SolidWorks da nauyin ruwa take auna shi, sai ƙarfe ya fito kusan sau takwas ƙasa da nauyinsa. Ruwan cikin duron ma sai an zana shi a matsayin sashe. Ko an zana, manhajar a daskare take ɗaukarsa, alhali duro rabi-rabi ruwansa tambal-tambal yake yi, cibiyar na bin sa duk inda ya kwara.