Waiwaye: shekara 73 da Faransa ta yi tana hana yadin Indiya

Tunda aka dawo da cece-kuce kan ƙara haraji a kayan waje da rufe boda don a ceto masaƙu, sai ka ji mutane suna magana kamar jiya aka fara wannan rigima. Ai Faransa ta sha ta tun ƙarni na 17.

Farkon labarin sananne ne. A 1664 Colbert, ministan Sarki Luwis na 14, ya kafa kamfanin cinikin Indiya ta Gabas don a kamo Holan da Ingila, tunanin zamanin kuwa shi ne ka sayar da yawa ka sayo kaɗan, zinariya ta zauna a gida. Suka buɗe rumbu a Surat, suka samu Pondisheri, duka a gaɓar Indiya, tashar Loriyan da ke Faransa ta zama masaukin jiragensu.

Inda ake tsallakewa shi ne 1686. Kayan da ya fi tafiya a jiragen nan yadin auduga ne mai zanen fure, ga sauƙin kuɗi ga shi a wanke shi sau nawa launin ba ya zuba, sai mata suka yi masa caa, daga matan fada har masu aikatau. Masu saƙar ulu da siliki suka ga kasuwa na neman kufce musu suka kai kuka, a watan Oktoba aka yi doka. To dokar ba ta tsaya kan shigo da na Indiya ba, har buga zane a kan auduga a cikin Faransa ita kanta aka hana, kuma ni a ganina nan ne gizo ke saƙar, domin a lokacin akwai masu rini da suka fara koyon sirrin kama launin. Shekara ɗaya kafin nan kuma an soke 'yancin addinin 'yan Furotestan, da yawansu masu sana'ar hannu ne, suka tattara suka nufi Jeniba da Noshatel da ke Suwizalan ta yau suka kafa aikin a can, suka riƙa turo yadin ta fasa-ƙwauri.

An yi ta sabunta dokar, ana cin tara, ana ƙona kaya, har mace akan tare a titi saboda rigar jikinta, amma ba a daina sawa ba. Kamfanin kuma bai daina ɗauko yadin ba, sai dai a yi gwanjonsa da sharaɗin fitar da shi waje, kuma kaso mai yawa gaɓar Afirka ta Yamma ya nufa aka yi musayarsa da bayi.

Sai a 1759 aka janye dokar. Masana'antar buga yadi da ta yi suna bayan nan, wadda aka buɗe a garin Juyi (Jouy) kusa da Basay (Versailles) a 1760, wanda ya kafa ta haifaffen ƙasar Jamus ne da ya koyi aikin a Suwizalan.